Kafin a biya kuɗin keken alminiyam

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, ma'aikata da dama a Gwale suka koma hawa keke, galibi na gwanjo. Sunan Turai a jikin firam ba ya nuna inda aka ƙera shi. Akasarinsu daga Taiwan ko Sin suke, kuma wannan ba aibi ba ne. Maganaɗisu ke tona asirin mai ha'inci, domin ba ya kama alminiyam. Sannan a duba walda: mai kyau tana jeruwa kamar ɓawon kifi. Idan aka ga tsaga kusa da feda ko wuyan keke, komai ƙanƙantarta, a haƙura. Ƙarfen tsohon Raleigh mai walda na Kabuga zai liƙe shi, amma alminiyam yakan sake tsagewa.