Paul McGrath: Ɗan Baya Wanda Aka Kusa Yarwa

Masu sauraron wasan ƙwallo sun fi riƙe sunayen masu jefa ƙwallo a raga. Ɗan baya kuwa, in ya yi aikinsa da kyau, ba a cika tunawa da shi ba. Amma a ƙasar Ailan akwai wani ɗan baya da har yau manya da yara su ke ambaton sunansa da ƙauna, wato Paul McGrath. Mun ga ya kamata mu kawo muku labarinsa, gama akwai abin da iyaye da samari za su yi tunani a kai.

An haifi Paul a Landan ran 4 ga Disamba, 1959. Uwarsa 'yar Ailan ce, ubansa kuwa ɗan Nijeriya ne, wanda ya tafi tun kafin a haifi yaron. A zamanin nan budurwar da ta haihu ba aure a Ailan tana shan babbar kunya, balle ma in ɗan baƙar fata ne. Saboda tsoron iyayenta, uwar ta ba da shi riƙo yana jariri. Daga baya aka kai shi gidan marayu a Dublin, can ya yi yawancin ƙuruciyarsa, uwar tana zuwa gaishe shi lokaci lokaci. Ya tashi da jin kunya ƙwarai, ba ya iya sakin jiki cikin mutane. A filin ƙwallo kaɗai ya kan ji shi ma wani ne.

Ya fara wasa da ƙananan kulob, Pearse Rovers da Dalkey United, ya kuma taɓa yin aikin gadi domin ya sami abin zaman gari. Wata tafiya da Dalkey suka yi zuwa Jamus, can ne ya fara ɗanɗana giya. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa giyar ta kawar masa da kunyar nan da ta dame shi. To, abin da ya ɗauka magani ne, shi ya zama masa ciwo na shekaru masu yawa.

A 1981 ya shiga St Patrick's Athletic ta Dublin. Shekara guda kaɗai ya yi, 'yan wasan ƙasar suka zaɓe shi gwaninsu na shekara. A 1982 Ron Atkinson, mai horar da Manchester United, ya saye shi a kan fam 30,000. A 1985 suka ci Kofin FA, suka doke Everton 1 da 0, ko da ya ke alƙalin wasa ya kori Kevin Moran, abokin aikinsa a baya, suka ƙarasa wasan su goma. Ran nan Paul ya yi aikin mutum biyu. Cikin wannan shekara kuma ya fara yi wa ƙasar Ailan wasa.

Mene ne ya bambanta shi da sauran 'yan baya? Yana da gudu da ƙarfi, ya kuma iya sa kai. Amma babbar baiwarsa ita ce sanin inda ƙwallo za ta faɗa tun ba a buga ta ba. Waɗansu 'yan baya sai an wuce su su ke bin mutum da gudu su kwashe masa ƙafa. Shi kuwa sai ka tarar ya riga ya tsaya a wurin, ya karɓe ƙwallon ba hayaniya.

Sa'ad da Alex Ferguson ya karɓi Manchester United a Nuwamba 1986, ya tarar da waɗansu 'yan wasa sun saba da shaye-shaye, ya kuwa ƙudura zai kawar da wannan hali. Ga Paul da sha, ga kuma gwiwoyinsa da likitoci suka yi ta yi wa aiki. Kulob ɗin ya yi masa tayin kuɗin sallama domin ya bar wasa ɗungum, alhali bai cika shekara 30 ba. Paul ya ƙi. A 1989 aka sayar da shi ga Aston Villa ta birnin Birmingham a kan wajen fam 400,000. Mutane da yawa suka ce Villa ta sayi tsohon doki.

Watanninsa na fari a Villa sun yi muni, har baƙin ciki ya kai shi ga neman kashe kansa. Graham Taylor, mai horar da kulob ɗin, yana da ikon korarsa, ba kuwa wanda zai ga laifinsa. Amma bai kore shi ba. Ya kira shi suka zauna, ya saurare shi, ya nema masa taimako. Jim Walker, mai kula da lafiyar 'yan wasa, ya zama masa kamar wa. Tun da gwiwoyin ba za su jimre wa gudun kowace rana ba, aka ɗauke masa yawancin horon da sauran su ke yi. Ya kan hau keken motsa jiki cikin ɗaki, ran wasa kuwa ya fito fili.

Ga abin da haƙurin nan ya haifar. Villa ta zo ta biyu a gasar Ingila a 1990, ta sāke zuwa ta biyu a 1993. A 1993 ɗin kuma 'yan wasan Ingila duka suka zaɓi Paul gwanin shekara, abin da ba safai ɗan baya ya ke samu ba. A 1994 Villa ta ci Kofin Lig, ta doke Manchester United, wato waɗanda suka sallame shi, da ci 3 da 1. A 1996 suka sāke cin kofin nan. Mutumin da aka ce ya ƙare a 1989 ya yi shekara bakwai a Villa.

A wajen ƙasarsa kuwa, Jack Charlton ne mai horarwa, shi ma ya yi ta haƙuri da shi, har da lokatan da sha ya hana shi zuwa wasa. Paul yana cikin waɗanda suka doke Ingila 1 da 0 a gasar Turai ta 1988, da waɗanda suka kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe a Kofin Duniya na 1990. Amma wasan da ba a mantawa da shi shi ne na ran 18 ga Yuni, 1994, a Amurka, tsakanin Ailan da Italiya. Paul yana da shekara 34, ga ciwon kafaɗa ya kusa kashe masa hannun hagu. Ray Houghton ya ci wa Ailan ƙwallo tun da wuri, sa'an nan Italiya ta yi ta kawo hari. Paul ya tare da ƙafa, ya tare da kai, har da fuska. Roberto Baggio, gwanin duniya na 1993, bai sami hanya ba, aka tashi 1 da 0. Masu karatunmu na Nijeriya sun san ko wane ne Baggio, gama shi ne ya ci ƙwallo biyu ya fitar da Nijeriya daga wannan gasa ran 5 ga Yuli.

Bayan Villa ya yi wasa kaɗan a Derby County da Sheffield United, ya bar ƙwallo a 1998. Ya yi wa Ailan wasa 83, ya ci ƙwallo 8.

Kada mu ce suna da kofuna sun warkar da shi. Bayan ya bar wasa ya ci gaba da fama da sha, aurensa biyu suka mutu. A 2006 ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, Back from the Brink, inda ya bayyana dukan wannan a fili, bai kuwa ɗora wa kowa laifi a kan shansa ba.

Ferguson yana da gaskiya da ya ce sha da aiki ba su tafiya tare. Taylor kuma bai ce shan ba kome ba ne, sai dai ya ƙi yar da mutumin tare da halinsa. A gidajenmu da yawa akwai ɗa, ko ƙane, ko miji, wanda sha ya kama, 'yan'uwa kuma sun gaji har suna shawarar su wanke hannu. Kafin a yi haka, ya kamata a tambaya ko akwai wanda ya taɓa zama da shi ya ji abin da ke cinsa a zuci, ya kuma raka shi wurin likita. Ubanni kuwa su tuna da yaron nan da ya girma a gidan marayu a Dublin, bai taɓa sanin ubansa ba.