Ina Ruwan Matsirga Ya Shiga?

Wani matashi ya kawo mini ƙaramar kyamararsa, ransa a ɓace. Ya je Matsirga, kusa da Kafanchan, yana son hoton da ruwa ke zubowa sumul kamar farin alharini. An gaya masa sirrin shi ne ya bar labulen kyamara a buɗe na ɗan lokaci, sai ya saita rabin daƙiƙa ya danna. Hoto ya fito fari fat, ba dutse, ba ruwa, ba bishiya.

"Yaya, kyamarar ce ta lalace?"

Da wannan zargin muka fara. Amma hotunan da ya ɗauka a wurin, lokacin da ya bar kyamarar ta zaɓa wa kanta saiti, duk sun fito tas. Ashe lafiyarta ƙalau.

Muka koma kan ISO, ma'aunin saurin kama haske. Da ya bar shi a 800 ko 1600, da an kama ɓarawo. Amma a 100 yake, wato a ƙasa, inda ya kamata.

Saura ƙofar haske, ramin nan da ke cikin gilashi, mai buɗewa da tsukewa. Bayanan hoton sun nuna f/8. Na ce ya ƙara tsuke ta. Ya murza, ta ƙi wucewa. A nan zaren ya fara warwarewa. Manyan kyamarori suna kai f/16 ko f/22, amma ƙananan na aljihu da yawa a f/8 suke tsayawa. Dalili kuwa, a gilashi mai tsawon milimita 5, faɗin ramin f/8 bai kai milimita ɗaya ba. In aka ƙara matse shi, haske zai riƙa fantsama a gefen ramin, hoto ya dushe.

Sai na tambaye shi lokacin da ya ɗauka. Ya ce da azahar. Masu ɗaukar hoto suna da tsohuwar ƙa'ida: a rana tsaka, ISO 100 da f/16 suna buƙatar kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa. Hasken da f/8 ke shigarwa ya ninka na f/16 sau huɗu, don haka lokacin ya koma ɗaya cikin 400. Shi kuwa rabin daƙiƙa ya bayar, ninki 200 ke nan. Tulun da ya cika ya tumbatsa ba ya nuna yawan ruwan da aka ƙara masa. Haka idon kyamarar: kowane ɗigo a jikinsa ya cika da haske, duhun dutse da farin kumfa suka zama ɗaya. Abin da ya ƙone haka, kwamfuta ma ba ta dawo da shi. Kyamarar ta ma yi gargaɗi, domin da yawansu kan sa lambar ƙofar haske ta yi ƙyaftawa ko ta canza launi idan sun kai iyakarsu.

Tunda ƙofa ta kai ƙarshe, ISO ma haka, hasken kansa za a rage kafin ya shiga. Wannan aikin baƙar filta ce, wadda ake kira ND. Wasu kyamarori, irin su Sony RX100 III, suna da ita a ciki, tana rage haske zuwa kashi ɗaya cikin 8. A rana tsaka hakan ya kai mu ɗaya cikin 50 na daƙiƙa, bai isa ba. ND64 tana ba da kusan ɗaya cikin 6, ND1000 kuwa daƙiƙa biyu da rabi. In bakin gilashin ba shi da wurin ɗaurawa, sai a riƙe filtar dab da shi, kada haske ya kutso ta gefe.

Wanda ba shi da filta, ya zaɓi lokaci: kafin fitowar rana, ko bayan faɗuwarta, ko ranar da hadari ya rufe sama. Ya kafa kyamarar a kan ƙafa uku ko dutse, ya sa mata jinkirin daƙiƙa biyu don kada yatsa ya girgiza ta. Bayan kowane hoto ya duba jadawalin haske, zanen nan mai kama da tudu da kyamarar ke nunawa. In tudun ya manne a bangon dama, ya rage lokaci ya sake. Duk tsawon lokacin da ka ƙara wa labule, sai ka rage haske daidai da shi.