Tsakanin Makarantar Lahadi da Zumuntar Matasa

A yawancin ikilisiyoyinmu yaro yana da wurin zama har ya kai shekara 12. Makarantar Lahadi tana riƙe da shi, ga malama, ga waƙoƙi, ga ayar haddacewa. Daga nan sai a ce ya girma, ya koma zumuntar matasa. To, su wane ne a zumuntar matasa? Sau da yawa shugabanta ya haura shekara 30, zancen da ake yi kuwa na neman aiki ne da kayan aure. Yarinya 'yar shekara 14 za ta zauna a bencin baya sau biyu ko uku, ba ta ce uffan ba, sa'an nan ta daina zuwa. Ba mai lura, gama sunanta ba ya cikin littafin kowa.

Littafi Mai Tsarki bai raina waɗannan shekaru ba. Yosiya ya hau sarauta yana da shekara 8, ya kuma fara neman Allah a shekara ta takwas ta mulkinsa, wato yana wajen shekara 16 (2 Tarihi 34:1-3). Ubangijinmu yana da shekara 12 aka same shi a Haikali a tsakiyar malamai, yana sauraro, yana kuma yi musu tambayoyi (Luka 2:46). A lura, malaman nan sun bar yaro ya yi tambaya.

A nan ne muka fi kasawa. Ɗan sakandare yana ɗauke da tambayoyin da bai taɓa jin amsarsu daga bagade ba. Abokin ajinsa Musulmi ya tambaye shi yadda Allah zai zama da Ɗa, ko ya ce masa an canza Linjila. Ya ga abubuwa a waya waɗanda kunya ba za ta bari ya faɗa wa mahaifinsa ba. Wani an kashe masa ɗan'uwa a rikici, ranar Lahadi kuma ya ji ana wa'azin gafara. Idan ya buɗe baki muka ce masa rashin bangaskiya ne ko rashin kunya, ba zai bar tambayar ba, wurin wani zai kai ta. Na sha zama cikin dattawa ana shawarar sa yarinya a horo saboda ta yi ciki, ba kuwa ko ɗayanmu da ya taɓa zama da ita kafin ranar.

Ajin baftisma ma mun mai da shi kamar jarrabawar fita. Wata shida ana haddace amsoshi, a shiga ruwa, shi ke nan an sallame su, alhali a lokacin ne almajirantarwa take farawa.

Ba daga sifiri za mu soma ba. Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Gilasgo a 1883, don irin waɗannan yara aka yi ta, haka ma Girls' Brigade, kodayake a wasu wurare fareti da ganga sun cinye lokacin nazarin Maganar Allah. FCS, wadda ta fara a Gindiri a 1957, tana kula da su a makaranta. Amma fasto nawa ne suka san malamin da yake lura da FCS a makarantar da 'ya'yan membobinsu suke?

Shawarata ga mai fita aiki ita ce ya ware musu aji nasu, ko da mutum biyar ne. Ya rubuta sunayensu, da makarantarsu, da lokacin hutunsu. Ya nemi namiji da mace masu hankali su riƙe ajin tare, kada kuma babba ya keɓe da yaro ko yarinya inda ido ba ya gani, ko shi faston ne. Ya ba su aiki na gaske a sujada: karatun Nassi, karɓar baiko, taimakon malaman ƙananan yara. Kafin ya fara kome, ya zauna da iyayensu, gama ba uwar da za ta saki 'yarta da yamma zuwa taron da ba ta san mai jagorarsa ba.