Damina Ta Dawo, Amma Ta Sauya Hali

Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa mantawa da shi: gero ya bushe a tsaye, shanu suka zube a hanyar mashaya, Tafkin Chadi ya ja baya har masunta suka koma noma a inda da suke jefa koma. Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa yankin Sahel. Sai dai manomi a Katsina ko Maradi zai gaya maka cewa ba irin ruwan da ya sani ba ne, kuma binciken masana ya gaskata shi.

A shekarar 2017 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Christopher Taylor na Birtaniya suka wallafa bincike a mujallar Nature, bayan sun bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35. Sun gano cewa manyan hadura mafi ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Waɗannan su ne haduran da kan taso daga gabas da guguwa da tsawa, su zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin sa'o'i kaɗan, kuma irinsu ne ke kawo mafi yawan ruwan yankin.

Dalilin yana arewa. Hamadar Sahara tana ƙara zafi da sauri, don haka tazarar zafi tsakaninta da ƙasashen bakin teku na kudu tana faɗaɗa. Wannan tazara ce ke sauya yadda iskar sama da ta ƙasa ke kaɗawa, har hadari ya samu ƙarfin haɗuwa ya yi girma. Ga shi kuma iska mai ɗumi ta fi riƙe danshi: duk ƙarin digiri ɗaya, kusan kashi 7 cikin ɗari.

An ga sakamakon da ido. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, kuma masanan ƙungiyar World Weather Attribution sun ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin ruwan da aka yi a yankin Tafkin Chadi a waccan damina kusan sau 80. A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri. A watan ne kuma tsohon masallacin Damagaram na ginin ƙasa, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe saboda ruwan sama.

Abin da ya fi ci wa manomi tuwo a ƙwarya bai cika fitowa a labarai ba. Jimillar ruwan shekara tana iya yin kyau a takarda, alhali ya sauka ne a 'yan kwanaki, sannan ya ɗauke mako biyu ko uku daidai lokacin da shuka ke tsiro. Ruwa mai ƙarfi a kan fako ba ya shiga ƙasa. Gudu yake yi, ya kwashe taki da ƙasar sama, ya bar kwazazzabo. A gona ɗaya, a damina ɗaya, sai a ga ambaliya a kuma ga fari.

Shi ya sa dabarun tare ruwa suka ƙara daraja. A jihar Tawa manoma sun daɗe suna haƙa tassa, ƙananan ramuka da ake zuba wa taki, da kuma ramuka masu siffar rabin wata, domin ruwan ya tsaya ya nutse. Hukumar NiMet a Najeriya da cibiyar AGRHYMET a Yamai suna fitar da hasashen damina kowace shekara, har da lokacin da ake sa ran ruwa zai ɗauke. Babban aikin da ya rage shi ne hasashen ya isa kunnen manomin ƙauye ta rediyo ko ta waya tun kafin ya zuba iri, domin wanda ya yi shuka da ruwan farko ta ƙone, sau da yawa ba shi da irin da zai sake.