Ciwon dajin purostat da abincin da yake ci

A jikin kowane namiji akwai wata ƴar tsoka a ƙarƙashin mahitsara. Girmanta kamar goro ne. Likitoci suna ce mata purostat. Mata ba su da ita. Hanyar hitsari ta tsakiyarta ta bi, kamar yadda zare yake ratsa ƙwayar tasbaha. Aikinta shi ne yin wani sashe na ruwan maniyyi.

In namiji ya wuce shekara 50, sau da yawa purostat tana ƙara girma, ta matse hanyar hitsari. Sai dattijo ya riƙa tashi da dare sau uku ko huɗu, hitsari yana zuwa kaɗan-kaɗan. Yawancin wannan kumburi na tsufa ne kawai. Amma wani lokaci ciwon daji ne, wanda waɗansu suke kira sankara. Likita kaɗai yake iya rarrabe su.

Ɗan aike a cikin jini

Purostat ba ta girma sai an aiko mata da umurni. Jiki yana haɗa waɗansu sinadarai nasa na kansa, masu yawo cikin jini kamar ƴan aiken sarki. Sunansu ormon. Akwai dangi guda a cikinsu da jiki yake yi da wani irin kitse mai suna kolesterol. Su ake kira siteroyid. A dangin nan akwai na mata, akwai na maza. Babban na maza sunansa testosteron. Maraina ne suke yin kashi 9 cikin 10 nasa, ko ma hiye. Sauran yana samuwa ta hanyar waɗansu ƴan tsokoki biyu da ke bisa ƙoda. Testosteron ne yake sa yaro ya balaga, murya ta buɗe, gemu ya hito.

Mai kiwo ya san aikin testosteron ko da bai san sunansa ba. In an dandaƙe bunsuru ya zama taure, warinsa ya ragu, ya bar bin awaki, ya yi ƙiba. Testosteron ɗinsa aka tsayar. Tun a 1786 wani likita na birnin Landan, Jon Hunta, ya lura da cewa purostat ɗin dabbar da aka dandaƙe tana ƙanƙancewa.

In testosteron ya isa cikin purostat, sai ta juya shi ya zama wani wanda ya hi shi ƙarhi. Kowace ƙwayar naman purostat tana da wani abu kamar kwaɗon ƙofa, shi kuwa ormon ɗin shi ne mabuɗi. In ya buɗe, sai ƙwayar ta girma ta rabu biyu. To, ƙwayoyin ciwon daji daga naman purostat suka hito, don haka sun gaji wannan kwaɗo. Ko sun bar wurinsu sun tahi cikin ƙashin baya ko na ƙugu, mabuɗin nan suke jira.

Wannan ba ya nuna cewa testosteron ne ya kawo ciwon. Taki ba ya shuka haki a gona, amma in hakin ya tsiro, taki zai ciyar da shi. Abin da aka tabbatar yana ƙara hatsari shi ne tsufa, da gado, wato in uba ko ɗan'uwa ya yi ciwon. Baƙar fata kuma sun hi Turawa kamuwa da shi. Ba a ɗaukarsa a wurin mace, ba a kuma sa wa mace shi.

Yadda aka gane a hana shi abinci

A 1941, a birnin Shikago na Amurka, wani likita mai suna Cals Hugins ya gwada abin a kan majinyatan da ciwon ya riga ya shiga ƙashinsu. Ya hidda wa waɗansu maraina. Waɗansu kuma ya ba su ormon na mata, wanda yake danne na maza. Da yawa cikinsu zahin ƙashi ya kwanta, waɗanda ke kwance suka tashi. Saboda wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 1966.

Har yanzu a kan wannan hanya ake. Dabara biyu ce. Ta farko ƙaramar hiɗa ce a maraina. Sau guda ake yin ta, kuɗinta bai kai na allura ba, amma ba a komawa baya. Ta biyu allura ce, wadda ta samu tun wajen shekarun 1980. Ana yin ta duk wata, ko duk wata 3, ko duk wata 6. Tana hana ƙwaƙwalwa aika wa maraina umurni, sai su bar yin testosteron. Amfanin dabarun biyu kusan ɗaya ne.

A nan ne matsala take. Dattijo da yawa in sun ji zancen maraina sai su koma gida, ba su sake waiwayar likita sai hitsari ya toshe ko ƙafa ta mutu. Waɗansu kuma su karɓi allura, da zahi ya kwanta sai su ce sun warke. Allura kuwa da an bar ta, testosteron yana dawowa, ciwon ya sake samun abinci. Mutumin da garinsa ke nesa da Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ya kamata ya lissafa kuɗin mota da na allura na shekara guda kahin ya zaɓa, ya kuma gaya wa likita gaskiyar ƙarhinsa.

Maganin yana da nasa nauyi, bai kamata a ɓoye ba. Sha'awa tana raguwa ƙwarai. Zahi da gumi suna taso wa mutum ba zato. Yana iya yin ƙiba, ƙashinsa ya rage ƙwari. Muryarsa dai ba ta canjawa, kuma yana iya zuwa gonarsa da kasuwarsa. Tahiya da ƙafa da ɗan aiki ma suna taimakon ƙashi. Mai wannan ciwo kada ya yarda a yi masa allurar ƙarhin maza a kasuwa, don in da testosteron a ciki, ciwon aka ciyar.

Hana abinci yana danne ciwon, amma ba ya tumɓuke shi. Bayan watanni ko shekaru, waɗansu ƙwayoyin suna koyon rayuwa da ɗan abin da ya rage, har su yi nasu ormon. Don su aka hito da sababbin ƙwayoyin sha, abirateron a 2011 da enzalutamid a 2012, sai dai suna da tsada.

Ciwon da aka kama tun bai bar purostat ba, ana iya warkar da shi da hiɗa ko da gashin haske. A 2021 aka fara gashin haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai. Binciken farko ba shi da wuya: likita ya taɓa purostat da yatsa, a kuma ɗebi jini a auna wani abu mai suna PSA. Da wannan awo ne ake bin wanda ke kan magani. In lambar ta sauka, magani yana aiki. In ta fara hawa, likita zai sake shawara. Shi ya sa ake adana kowace takardar awo, a zo da ita duk ranar komawa asibiti.