Kwaɗon a buɗe, ƙofar kuma sai da kuɗi

Duk mai neman takardun bincike a intanet ya san ɗan kwaɗon nan mai ruwan lemo da ake mannawa a gefen wasu maƙaloli, alamar wai karatu kyauta ne. Ni dai na daina amincewa da shi ido rufe.

Tun 2002 da aka fitar da sanarwar Budapest ake kiran a buɗe sakamakon bincike ga kowa. Manyan kamfanonin ɗab'i irin su Elsevier da Springer Nature sun karɓi kiran, amma a bisa sharaɗinsu. Sai aka samu mujallu masu fuska biyu: a fitowa guda, maƙala ɗaya a buɗe saboda marubucinta ya biya, ta kusa da ita a kulle sai ka sa katin banki. Ga shi ɗakunan karatu na jami'o'i na ci gaba da biyan kuɗin shekara. Wasu maƙalolin kuma an buɗe su ne kawai, babu lasisin da ya tabbatar da haka, gobe kamfani na iya mayar da kwaɗonsa.

Abin da ya fi damuna shi ne inda katangar ta koma. A da mai karatu take tarewa, yanzu marubuci. A 2021 mujallar Nature ta sa yuro 9,500 ga mai son maƙalarsa ta fita a buɗe, wato sama da sefa miliyan 6. Malami a Jami'ar Abdou Moumouni, wanda CAMES ke jiran ganin wallafe-wallafensa kafin ƙarin girma, ina zai samo su? Akwai rangwame ga ƙasashe marasa ƙarfi, gaskiya ne, sai dai kowane kamfani da ƙa'idarsa, kuma ba kowa ya san ana nema ba.

Turawan ma abin ya ishe su. A Afrilun 2023 editocin mujallar NeuroImage sama da 40 suka ajiye aiki tare, kan kuɗin da ya kai dala 3,450, suka kafa tasu.

Ɗalibin da ya tambaye ni, DOAJ da AJOL nake fara nuna masa. Sannan ya leƙa ɗakin karatunsu ya tambaya ko sun yi rajista da Research4Life, don Nijar na cikin ƙasashen da ake bai wa kyauta.