Yadda masu hawan tsaunukan Alps ke auna haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara

A kowane hunturu, mutum kusan 100 ne ke rasa rayukansu sakamakon zaftarewar dusar ƙanƙara a tsaunukan Alps, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya. Akasarinsu masu wasan zamiya ne da masu hawan tsauni da suka bar filayen da ake kula da su, suka kutsa inda babu mai gadi. A kusan tara cikin goma na irin wannan haɗari, wanda abin ya rutsa da shi ko wani abokin tafiyarsa ne ya tayar da zaftarewar da nauyin jikinsa.

Dalili kuwa yana ɓoye ne a ƙarƙashin ƙafa. Dusar da ke kan tsauni hawa-hawa take, domin kowace zuba tana barin nata shimfiɗi. Idan aka yi kwanaki ana tsananin sanyi ba tare da sabuwar zuba ba, wani hawa yakan rikiɗe ya zama tsaba-tsaba kamar sukari, ba ya kama juna. Sai sabuwar dusa ta sauka a kansa, iska ta daddale ta, ta zama falle guda mai nauyi. Lamarin ya yi kama da tabarmar da aka shimfiɗa a kan tsabar gero a bisa gangare: ido na ganin ta a zaune, amma taku ɗaya ya isa ya kwashe ta. Da zarar hawan na ƙasa ya karye, tsagewar kan bazu nan take, fallen ya sulluɓo da gudun da kan wuce kilomita 100 a awa.

Shi ya sa matafiyi mai hankali ke fara aikinsa tun daga gida, da karanta sanarwar haɗari. A Suwizalan, cibiyar nazarin dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos ce ke fitar da ita, kuma tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni ɗaya mai mataki biyar, daga 1 mai ƙarancin haɗari zuwa 5 mafi tsanani. Ana iya zaton a mataki na 5 aka fi mutuwa, amma kusan rabin waɗanda ke mutuwa a Suwizalan a mataki na 3 suke gamuwa da ajalinsu. A mataki na 4 da na 5 kowa yakan shiga taitayinsa. Na 3 kuwa yakan zo da rana mai haske bayan an kwana ana zuba, lokacin da dusar ta fi jan hankalin masu zamiya, lambar kuma tana tsakiya, sai a raina ta.

Sanarwar tana magana ne a kan yanki guda, ba ta san gangaren da mutum zai taka ba, don haka sauran aikin na ido ne da kunne. Abu na farko shi ne tsinin gangaren: irin wannan zaftarewa ta fi aukuwa tsakanin digiri 30 zuwa 45, kuma wanda ke tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri ma bai tsira ba idan akwai irin wannan gangare a samansa. Ana duba ɓangaren da iska ta tara dusa, da kuma gangaren da ke fuskantar arewa, inda rana ba ta cika isa ba, raunin kan daɗe bai warke ba. Sabuwar zaftarewa a kusa, ko tsagewar da ke gudu daga ƙarƙashin ƙafa, ko wata ƙara mai kama da nishi da dusar ke yi idan ta lotsa, kowannensu ya isa a juya.

Wasu kan haƙa rami su yanke ginshiƙin dusa, su ɗora shebur a kai suna bubbugawa don ganin inda zai karye. Gwajin yana da amfani, sai dai labarin wurin da aka haƙa kawai yake bayarwa, kuma 'yan taku kaɗan gaba abin na iya sauyawa.

Idan dole ne a ƙetare wuri mai shakku, ɗaya bayan ɗaya ake wucewa, sauran na kallo daga inda babu haɗari. Kowa yana ɗauke da shebur, da dogon sandar lalube, da na'urar da ke aika sigina daga ƙarƙashin dusa. Alƙaluman Suwizalan sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tono cikin minti 10 suna rayuwa, amma zuwa minti 35 adadin yakan faɗo zuwa kusan kashi 30, galibi saboda shaƙewa. Jirgin ceto mai saukar ungulu ba kasafai yake isa cikin wannan lokaci ba, saboda haka abokan tafiya ne ke yin tonon.